Farar Ƙwayar Da Tsoho Ya Ƙi Haɗiyewa

Akwai wani mutum, manomi, wanda tsufa ya cim masa har fartanya ta fara yi masa nauyi. Matarsa ta rasu, ɗansa yana aiki a birni, saboda haka matar ɗan, mai suna Lidiya, ita take lura da shi.

Wata rana Lidiya ta kai shi asibiti, aka auna shi, aka tarar yana da hawan jini. Amma da Lidiya likitan ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, tsoho kuwa yana zaune a kan benci yana kallon bakinsu.

Tun daga ranar gidan ya sake. Miya ta zama salam, ba gishiri. Tsanin hawa rumbu ya ɓace. Kowace safiya sai Lidiya ta zo da farar ƙwaya da kofin ruwa, ta ce, "Baba, ku sha."

In ya ce, "Ta mece ce?" sai ta ce, "Ku dai sha, Baba, na bar tukunya a wuta."

Tsoho ya fara tunani a ransa, "Ni ba inda yake mini ciwo. Don me za a ɗura wa mai lafiya magani? Me suka ƙulla ita da likitan nan?" Ya shiga lura da hannunta in tana zuba masa abinci. In ta yi waya da mijinta, sai ya kasa kunne. Har ran nan ya murtsuke ƙwayar a cikin tsaki ya ba zakara. Zakara ya wuni yana layi. Tsoho ya ce, "Yawwa. Na kama ta."

Daga nan sai ya riƙa ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, in ta juya baya ya tofar. Ya roƙo gishiri a maƙwabta, yana barbaɗawa a ɓoye. Haka ya yi wata biyu, yana ganin ya tsira.

Sai ya zamana wata safiya Lidiya ta tafi kasuwa. Tsoho ya bincika, ya sami tsanin a ƙarƙashin kara, ya ce bari ya ga abin da ake ɓoye masa a rumbu. Yana taka mataki na huɗu, sai duniya ta juya masa, hannunsa na hagu ya saki, ya faɗo.

Lidiya ta dawo ta same shi a ƙasa, baki ya karkace. Ba ta tsaya jiƙa masa komai ba, ta nemo mota, suka tafi asibiti.

Likita ya ce, "Yana shan maganinsa kuwa?"

Ta ce, "Kullum. Da hannuna nake ba shi."

Tsoho ya girgiza kai. Da harshe mai nauyi ya faɗi dukan abin da ya yi, har da zancen zakara.

Lidiya ta dafe ƙirji. "Guba, Baba? Ni?"

Ya ce, "Na tambaye ki, 'yata. Ba ki taɓa gaya mini ba."

Gaskiya kuwa ya faɗa. Tsohon ya rayu, amma bai ƙara shiga gona ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tsohon shi ne kowannenmu da yake riƙe zato a zuci, ba ya fito da shi fili. Iyayenmu, hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. In kuna shakkar magani, ku koma wurin likita ku yi tambaya, kada ku daina sha a ɓoye.

Lidiya kuwa ita ce mu masu jinyar tsofaffi. Hidimarta ba aibi, amma ta yi ta da gaggawa, kamar mai ba dabba abinci. Girmama iyaye da Ubangiji ya umarta bai tsaya ga tuwo da magani ba. Ku zauna kusa da su, ku faɗa musu abin da likita ya ce, da dalilin rage gishiri, da dalilin ɗauke tsani. Tsoho ba yaro ba ne. Jikin nasa ne, ya kamata ya san abin da ake yi da shi.