Motar da Ta Kai Kayan Ɗakin 'Yata

'Yan uwa, assalamu alaikum. Kwanakin nan ko tuwo na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Kun saba ina kawo muku labaran mutane a shafin nan, to na yau da ni a cikinsa, kuma ƙafar wani bawan Allah ce ke jiran abin da zan ce. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Akwai wani magidanci a Zandam, sunansa Ubaidullahi. Manomi ne, in an gama aikin gona kuma yana ɗaukar wa mutane kaya a babur zuwa kasuwar Gwaram. Yana da mata, Ikilima, da yara ƙanana.

Wata ranar kasuwa da la'asar yana hanyar komawa gida, sai wata babbar mota koriya ta taho daga wajen Birnin Kudu, ta kasa tsayawa a kwana, ta kwashe shi. Ƙafarsa ta dama ta murƙushe a ƙarƙashin babur.

Nan da nan mutane suka jawo direban, wani mai suna Salihu. Wasu har sun ɗauko itace. Ubaidullahi yana kwance cikin jini ya ɗaga hannu.

"Don Allah ku ƙyale shi. Ba da gangan ya yi ba. Shi ma yana da iyali."

Bappansa, Malam Manu, yana wurin. Ya ce wa direban, "Shiga motarka ka tafi, ɗana. Abin da Allah ya rubuta ne."

Mota ta tafi. Ba wanda ya duba lamba. Kusan kowa da waya a aljihu, amma ba wanda ya ɗauki hoto, don a wajenmu ka tsaya ɗaukar hoton mai ciwo rashin imani ne.

Daga nan kowa ya shiga taimako da zuciya ɗaya. Abokan sana'arsa suka yi karo-karo suka gyara babur, ya dawo kamar ba abin da ya taɓa shi. Matan gida suka haƙa rami suka binne wandon da ya jiƙe da jini, don kada yara su gani su tsorata. Shi kuma aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure ƙafar da kara.

Makonni suka wuce, ƙafa ta ƙi. Ta kumbura, ta fara wari. Da aka kai shi asibiti a Birnin Kudu, likita ya ce ƙashin ya farfashe, sai an je Kano an yi aiki an sa ƙarfe. In aka ƙara jinkiri, sai dai yankewa. Aka sayar da tumaki da ɗan hatsin da ke rumbu, abin bai ko kama hanya ba.

Malam Manu ya yi tambaya har ya gano mai motar, wani babban ɗan kasuwa a Birnin Kudu. Ya je ya durƙusa ya yi masa bayani.

Alhaji ya ce, "Motata? Ranar nan motata tana Kano. Kun ɗauki lamba ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To koriyar mota tawa ce kaɗai a ƙasar nan? Allah ya ba shi lafiya."

Tsohon nan, da ya sallami direba da bakinsa, ya fito yana share ido da hannun riga.

Wani lauya ɗan Gwaram ya ji labari, ya ce zai tsaya musu a nemi diyya don a yi aikin. Ya tambayi Malam Manu ko sun kai rahoto wurin 'yan sanda ranar. Ya ce a'a.

"Babur ɗin fa?"

"An gyara."

"Kayan jikinsa?"

"Mun binne."

Lauya ya dafe kai. "Baba, ai da hannunku kuka share sawun motar nan tas."

Ikilima ba mai fita ba ce, ko kasuwar Gwaram ba ta san lungunanta ba. Amma ta nemi izinin mijinta, ta goya ƙaramin, ta shiga neman shaida.

Ta je wurin mai gyaran babur, ya tono mata tsohon ƙarfen gaba a cikin tarkace, a lanƙwashe, da koren fenti a jikinsa. Ta yi murna har da hawaye. Ashe tuni an kai motar Kano an buge gabanta, an sake mata fenti shuɗi.

Mai ɗori ya yarda zai faɗi ranar da aka kawo masa shi. Likita ya ba ta hoton ƙashi da bayaninsa. Duk wannan ya nuna an buge mutum, amma bai nuna wa ya buge shi ba.

Sai ta koma kwanar da abin ya faru. Mai rake ya ce lokacin yana sallah. Mai faci ma ya ce yana sallah. Mai shayi ya ce shi ya tafi alwala.

Ikilima ta ce, "Ashe a kan kwalta kuka yi jam'i ranar. To wa ya ɗauko itacen dukan direba?"

Suka sunkuyar da kai. Alhaji ne ke sayen riɗinsu, motocinsa ne ke kwashe musu amfanin gona. Kowa na tsoron bakin tukunyarsa.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofar Ubaidullahi. Salihu direba ne. Ya tsuguna a gefen tabarma, ya kasa kallon ƙafar.

"Malam, birki ne. Na sha gaya wa Alhaji ya lalace, yana ce mini in lallaɓa. Kai ka hana a kashe ni kana cikin jininka, ni kuma ina ta yawo da ƙafafuna biyu. Zan faɗi gaskiya duk inda ake so."

Ya faɗa wa lauya kuwa, kuma a ranar Alhaji ya karɓe makullin motar daga hannunsa. Yanzu Alhaji cewa yake korarren direba ne ke masa sharri don haushi. Lauya ya ce in aka sami mutum ɗaya da ya gani da idonsa, wanda ba shi da wata jiƙaƙƙa da Alhaji, magana za ta tsaya.

To 'yan uwa, mutumin nan ni ce.

Ina bakin kwanar ranar, ina jiran motar da za ta mayar da ni gida Yalwan Damai. Na ga komai. Kuma motar ba baƙuwata ba ce. Ita ta ɗauki kayan ɗakin 'yata Basma bara, da gadonta da kwanukanta, ina biye ina guɗa. Basma ɗan Alhaji take aure. Ko lura ba ku yi ba, tun ɗazu ban rubuta sunansa ba. Surukina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a biki kauce hanya nake.

Makon jiya Ikilima ta shigo gidana da ƙullin leda. Ta buɗe, sai ga mayafina, wanda na cire na ɗaure masa ƙafa da shi ranar. A wanke, a ninke.

"Inna, shi kaɗai ne ba mu binne ba, don ba namu ba ne. Mai rake ne ya raɗa mini garinku."

Na ce ta zauna ta sha ruwa. Ta ce, "Inna, ba roƙo na zo ba. Wadda ta tuɓe mayafinta a tsakiyar maza don mijina, na san tana da imani. Abin da idonki ya gani kawai."

Na karɓi mayafin. Na raka ta ƙofa.

Maigidana ya ce in rufa wa 'yarmu asiri, Allah zai kawo wa masu ciwo wata hanyar. Basma kuwa tana da tsohon ciki, na fari, kwanan nan za ta zo gida haihuwa. Na kira ta a waya na ɗan taɓa mata zancen. Sai ta ce, "Inna, in kika yi magana, kina ganin in na gama wanka za su zo su mayar da ni?"

Jiya na aika a dubo mini jikin Ubaidullahi. Aka ce yatsun ƙafar sun fara baƙi.

Darasi: Yafiya alheri ce, amma kada a yi gaggawar share shaida da sunan tausayi. In hatsari ya faru, a ceci mai ciwo a kai shi asibiti, a hana dukan direba, amma wani ya duba lamba, ya ɗauki hoto, a sanar da hukuma, a ajiye komai yadda yake. Kuma wanda ya gani ya yi shiru, ya sani shirunsa a jikin wani yake sauka. Ku tura wa 'yan uwa, kada wani gida ya sake yin kuskuren nan.

Na rubuta darasin da hannuna, amma wallahi ni ce na kasa ɗauka. In na tsaya gaban alƙali, ina tsoron auren 'yata. In na zauna a ɗaki, za a yanke ƙafar mutumin da ya roƙa wa wanda ya buge shi rai. Iyaye mata 'yan uwana, ku da kuka aurar, don Allah ku gaya mini, me zan yi?