Babin da Musaddiq Ya Tsallake

Musaddiq Abdulrazak matashi ne mai kaifin kai a garin Daura. Ya gama digirinsa na ilimin ƙididdiga, yana jiran kiran bautar ƙasa. Allah ya ba shi fahimta, amma ya haɗa masa da gaggawa. Ba ya iya zama wuri ɗaya. In yana cin tuwo ƙafarsa na kaɗawa, in kana ba shi labari sai ya ƙarasa maka tun kafin ka kai tsakiya, kuma sau da yawa ba haka labarin yake ba. Karatunsa ma haka yake. Yakan buɗe littafi ya tsinci dokokin lissafi ya haddace, ya bar duk bayanin da ke kewaye da su. Da haka ya ci jarrabawa, da haka kuma ya ɗauka babu abin da ya rage masa.

Akwai wata malamarsa ta jami'a, Malama Amatullah Maijidda, wadda ta yi ritaya ta dawo gida kusa da rijiyar Kusugu. Wata rana da ya je gaishe ta, sai ta ɗauko masa wani ƙaton littafin ƙididdiga da gefensa ya yi baƙi saboda yawan buɗewa.

Ta ce, "Ka tafi da shi ka karanta babi na tara. Yana koyar da yadda ake gane siffar alƙaluma, wato yadda suka warwatsu. Wasu suna taruwa a tsakiya, wasu suna karkata gefe guda, wasu kuma suna rabuwa gida biyu. Kafin ka yanke hukunci a kan kowane alƙaluma, ka zana su tukuna, ka ga kamanninsu da idonka."

Musaddiq ya ce, "Malama, ai wannan mun yi shi tun a aji biyu."

"Kun yi shi, na sani. Ni na duba takardarka, shi ya sa na ce ka sake."

Ya yi dariya, ya yi godiya, ya ɗaure littafin a bayan babur. Da ya isa gida ya buɗe babin, ya ga shafi arba'in ne cike da dogon bayani, sai ya ji zafi ya dame shi. Ya rufe ya ajiye a kan taga, ya fita.

Musaddiq yana da kawu manomi, Malam Ɗantsoho, a wani ƙauye da ke bayan Sandamu. A gidan kawun akwai wani irin gero da suka gada tun daga kakansu, mai saurin nuna, mai daɗin fura. 'Yan uwa duk sun koma sayen irin kasuwa, shi kaɗai ya riƙe na gida. Bara tsutsa ta yi masa ɓarna, abin da ya iya zaɓa na iri bai wuce tiya uku ba. Matarsa Barakatu ta gauraya shi da toka ta zuba a tulu ta liƙe baki. In wannan tiya ukun ta salwanta, irin gidan ya ƙare ke nan.

Bana kuma ruwa ya ƙi sauka. Watan Mayu ya wuce, Yuni ya kama, hadari ya haɗu da la'asar ya watse. An yi sharar gona an gama, an kai taki, kowa ya zuba wa gabas ido. Cikin wannan hali Musaddiq ya je ƙauyen. Ya tarar da kawunsa a gindin gawo yana kallon sama, shi kuma ko minti biyar bai yi da zama ba ya fara mutsu-mutsu.

"Kawu, wannan zaman jira har yaushe? Ai yanzu akwai lissafi."

Ya ji labari cewa wani tsohon hedimasta a ƙauyen yana da ma'aunin ruwan sama, kuma shekara talatin yana rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka. Nan take ya hau babur, ya je ya ɗauki hoton shafukan da wayarsa, ya dawo. Ya tara ranakun, ya raba da talatin, matsakaici ya faɗa a kan sha takwas ga Yuni. A ransa ya ɗauka ranakun nan suna da siffar da ya fi sabawa da ita a makaranta, wadda take kama da kifaffiyar ƙwarya: yawancin shekaru sun taru a tsakiya, kaɗan ne suka zame gefe. Bai duba ko haka ne ba. Zanen da ba zai ci masa minti goma ba, ya ga ɓata lokaci ne.

Ya ce, "Kawu, mu yi binne ranar sha biyar. Iri ya kwana uku a busasshiyar ƙasa, ruwa ya same shi a can, ka riga kowa."

Malam Ɗantsoho ya sosa gemu. "Ɗana, ni dai abin da na sani a ƙasar nan, ruwa ko dai ya zo da wuri, ko kuwa ya yi jinkiri sosai. Tun da bai zo da wuri ba, ina ganin mu ƙara haƙuri."

"Wannan zato ne, Kawu. Ni kuwa shekara talatin na tara a nan. Alƙaluma ba sa ƙarya."

Barakatu tana bakin ƙofa tana jin su. Ta ce, "Malam, in ma za a yi, a bar tiya ɗaya a tulu."

Musaddiq ya ce, "Inna, in aka bar tiya ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na gonar zai zauna fayau. Ku yarda da ni."

Malam Ɗantsoho yana alfahari da yaron nan. Ɗan ƙanwarsa ne, kuma shi ne na farko da ya yi digiri a danginsu. Ya ji kunyar ya gwale shi a gaban iyali. Ga shi kuma shi kansa jiran ya ishe shi. Sai ya ce a fasa liƙin tulu.

Ranar sha biyar suka yi binne, suka zuba irin duka. Ranar sha tara da hantsi aka yi yayyafi mai ɗan ƙarfi, wanda ya jiƙa ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa. Musaddiq ya cika da murna, ya kira abokansa a waya yana cewa kwana ɗaya kacal lissafinsa ya kuskure. Maƙwabta dai ba wanda ya ɗauki sungumi, don sun tona sun ga can ƙasa a bushe take. Bayan kwana huɗu gero ya tsiro, layi-layi, gwanin sha'awa.

Daga nan sama ta yi tas. Kwana biyar, kwana takwas, kwana goma sha biyu, babu ko ɗigo. Musaddiq ya kasa zama a Daura, ya kasa zama a ƙauye. Kullum yana kan hanyar Sandamu, ya je da safe ya dawo da azahar, ya sake komawa da la'asar. Ya duba waya, ya duba sama, ya durƙusa ya taɓa tsiron da ya fara naɗewa. Har jarka ya ɗauka yana bin layi yana zuba ruwa, amma gonar ta fi ƙarfin jarka. Tsoro ya kama shi sosai, abinci ma ya daina shiga. A gaban idonsa tsiron ya yi ja, ya kwanta, iska ta rufe shi da rairayi.

Ranar bakwai ga Yuli aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari duk ƙauyen ya fita shuka, ban da gidan Malam Ɗantsoho, wanda sai da ya je kasuwar Mashi ya sayo irin da kowa ke shukawa.

A ranar ne Musaddiq ya sauko da littafin daga kan taga. Ya zauna ya karanta babi na tara daga farko har ƙarshe, abin da bai taɓa yi wa wani babi ba. Sannan ya ɗauki takarda ya zana ranakun nan talatin. Tudu biyu suka fito. Shekara goma sha uku sun taru a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, shekara goma sha biyar sun taru a ƙarshen Yuni da farkon Yuli. Shekara biyu kacal ne a tsakani. Matsakaicin da ya dogara da shi ya faɗa ne a daidai inda ruwan shuka bai cika sauka ba.

Kashegari ya ɗauki takardar ya tafi ƙauye. Ya sami kawunsa a gona yana sara, Barakatu tana bin sa tana zuba irin kasuwa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya miƙa wa kawun takardar.

Malam Ɗantsoho bai yi boko ba, amma ya daɗe yana kallon zanen. Ya sa yatsa a kan tudu na farko. "Wannan shekarun da ruwa ke zuwa da wuri ne?"

"Su ne, Kawu."

"Wannan kuma na jinkiri."

"Haka ne."

"To ashe littafin naku ma ya san abin da na gaya maka. Mu kuma a ina muka zuba irin kakanka?"

Musaddiq ya ɗora yatsansa a kan kwarin da ke tsakanin tudun biyu. Kawun ya mayar masa da takardar, ya ɗauki sungumi ya ci gaba da sara.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimin da aka tsinta cikin gaggawa ya fi rashin sani haɗari, domin mai shi yana magana da ƙarfin gwiwa har a yarda da shi. Matsakaici lamba ɗaya ce, ba ta nuna yadda abubuwa suka warwatsu, kuma wani lokaci takan faɗa inda babu komai. Duk wanda zai ba da shawarar da wani zai ɗora abin da ba shi da madadinsa a kai, to ya zauna ya karanta babin har ƙarshe, ya duba alƙalumansa da idonsa, ya kuma saurari wanda ya daɗe yana kallon abin tun kafin a rubuta shi.