Kukan Babur ɗin Malam Barau

Ranar wata Laraba, da ƙarfe biyar da rabi na yamma, Inna Tabawa ta ture kwanon tuwon da autarta Kubura, malamar makaranta, ta ajiye mata, ta ce, "Rufe shi. Malam bai dawo ba."

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Barau. Malamin gona ne a Bakori, kullum yana bisa babur yana zaga ƙauyukan masu noman auduga. Tun da suka yi aure Inna ba ta taɓa cin tuwon dare ba sai ta ji tsayuwar babur ɗin a ƙofar gida. Ba tare suke ci ba, shi a zaure ake kai masa nasa. Jin kukan injin kawai ya ishe ta. To, yanzu tsufa ya kawo mata mantuwa, ta manta da rasuwar, ba ta manta da jiran ba. Ko koko aka kawo da safe, sai ta dubi ƙofa ta ce a dakata.

Kubura ta gaya mata gaskiya sau ɗaya. Inna ta yi kuka kamar ranar aka fita da shi, washegari ta sake tambayar ko ya dawo. Likita ya zo ya yi mata ƙarin ruwa, ya ce wannan ba zai riƙe ta da nisa ba, sai ta ci abinci.

Sai Kubura ta buɗe ɗakin shirgi. Ga babur ɗin can ƙarƙashin tsofaffin buhuna, tayoyi sun kwanta, zanzaro ya yi gini a jikin fitila. Ta daɗe tsaye, hannunta a kan kujerar da take hawa tana ƙarama. Daga nan ta kira yayyenta biyu, Sallau direban babbar mota da Ila mai gyaran injin ban-ruwa.

Ila ya kwance injin, ya ce gidan fiston ya tsage, kuma an daɗe da daina yin irinsa. Sallau ya ajiye motarsa ya shiga nema. Ya duba Funtuwa, ya duba Zariya, ya wuni biyu a kasuwar Panteka yana tona tulin ƙarafa, bai samu ba. Can wani tsohon makaniki ya yi masa kwatancen wani ƙauye kusa da Giwa. A nan ya tarar da irin babur ɗin jingine a bayan rumbu, kaji na kwana a kansa. Mai shi, wani dattijo, ya ce ba na sayarwa ba ne, amma masararsa ta bushe a gona babu mai cire masa. Sallau ya tuɓe riga ya yi kwana uku yana karyar masara, ya dawo da ƙarfen naɗe cikin tsumma.

Ila ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera kowane noti bi da bi yadda ya kwance shi, ya hana kowa ya tsallaka. Ya jiƙa abin da ya yi tsatsa cikin kananzir, ya wanke kabireta, ya kankare tanki, ya sake wayoyin da ɓera ya ci ɗaya bayan ɗaya. Inda babu na sayarwa ya yanka nasa da hannu. Tsohuwar salansa da ta huje ya jefa ta bayan ɗaki, ya ɗaura sabuwa. Rana ta huɗu ya buga kik sau uku, babur ya tashi, yana tafiya sumul kamar yau aka fito da shi daga kwali. Ya zaga ya tsaya a ƙofar gida.

Inna ta ɗaga kai daga matashi ta ce, "Wane baƙo ne muka yi?" Ta juya fuska bango.

Kubura ta fita. Ta zauna a dakalin da take jiran mahaifinta tun tana 'yar shekara shida, ta rufe ido. Can ta miƙe ta nufi bayan ɗaki, ta ɗauko tsohuwar salansar nan, da facin gwangwanin madara da Malam ya ɗaure mata da waya.

"Yaya Ila, mayar da wannan."

"Ke, kina da hankali kuwa? Kwana huɗu ina durƙushe, ki ce in maƙala masa wannan ruɓaɓɓiyar?"

"Ka gyara shi har ya wuce na Baba. Inna ba ta san wannan muryar ba."

Sallau ya yi dariya ya ce, "Injiniya, yi abin da malamar makaranta ta ce."

Ila ya mayar yana gunaguni. Kubura ba ta tsaya nan ba. Ta ce Baba ba ya shigowa da wuta. Yana rage gudu a kwalbati, ya murza mai sau biyu, ya kashe inji a gindin darbejiya, ya gangaro shiru har ƙofa, sannan a ji ƙarar jak idan ya kafe babur. Sau biyar tana mayar da Ila kwalbati har ya yi daidai.

Da hasken yamma ya yi ja, aka yi na gaske. Kubura na zaune a bakin gado da kwano a cinya. Kukan ya taso daga nesa, yana ɓarɓarniya, ya yi gurnani sau biyu, ya mutu. Sai ƙarar jak.

Inna ta gyara kallabinta. "Ga shi nan. Kai masa ruwa tukuna." Ta miƙo hannu ta jawo kwanon.

Ta yi shekara ɗaya da wata biyar bayan nan, kullum da yamma ana tayar da babur, kullum tana cin tuwonta. Da Allah ya karɓi abinsa, ƙanenta Kawu Mati ya tara su ya ce babur ba zai rabu uku ba, kuma dukansu sun ƙi a sayar. Kowa a ƙofarsa yake son ya riƙa jin kukan nan.

To, jama'a, tsakanin wanda ya nemo, da wanda ya tayar, da wadda ta san muryar, wa za a miƙa wa makullin?