Tulun Irin Wake

Ku matso, ku bar surutun nan, yau na zo muku da shari'a.

A wata shekara darɓa ta sauka a kan waken ƙauyen Tsamiyar Nomau. Ƙwarin nan ƙanana baƙaƙe suka tsotse ganye har gonaki suka bushe tsaye. Gero ma bai yi ba. A gidan tsohuwa Tambai abin da ya rage tulu ɗaya ne na irin wake, an cakuɗa shi da toka don kada ƙwaro ya huda, an liƙe bakinsa da laka. Ba su da abin shukawa baɗi sai shi. Jatau, babban ɗanta, shi ke riƙe da tulun.

Da bazara ta yi tsanani, dusa da ganyen tafasa suka zama abincin gida. Tsohuwa ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura. Ƙannen Jatau, Barmo da Dije, suka same shi.

Dije ta ce, "Yaya, don girman Allah fasa tulun nan, ko mudu ɗaya a dafa wa Inna."

Jatau ya san yunwa ba ta san mudu ɗaya ba. In aka buɗe yau, jibi babu ko ƙwaya. Ya zauna a kan tulun yana hawaye, ya ce, "Ba zan fasa ba." Saura kwana tara ruwa ya sauka Tambai ta rasu. Kai, ranar nan ko kallonsa ba wanda ya yi.

Aka shuka, wake ya fito gwanin sha'awa. Sai Barmo ya ga ganyen gefen gabas ya fara murɗewa, yana rawaya-rawaya. Ya san ciwo ne mai yaɗuwa. Bai yi shawara da kowa ba, ya tuge kusan rabin gonar ya cinna mata wuta. Jatau ya ruga, ya tarar da hayaƙi, ya tuna abin da aka hana uwarsu, sai ya ɗaga fartanya ya kai wa Barmo duka. Hannun Barmo na dama bai sake miƙewa ba. Amma ciwon waken ya tsaya a nan, bai taɓa sauran gonar ba.

Da wake ya fara fure, ga darɓa ta dawo, ga tsutsa. Dije kuwa tana da ciki wata shida. Kullum ta daka 'ya'yan darbejiya, ta jiƙa, ta tace, ta ɗauki tulun ruwan a ka tana yayyafawa da tsintsiya, kunya bayan kunya, cikin rana. Jatau ya ce ta huta, ta ce, "In na huta, Inna ta mutu a banza ke nan." Mako biyar tana haka. Ƙwari suka mutu, cikin kuma ya zube.

Kaka ta yi, aka cika rumbu. Rabin ƙauyen a gidan suka sami iri. Jatau dai har yau in aka dafa wake sai ya tashi ya bar wurin.

Sai kawunsu ya tara su ya ce, "Al'adar gidanmu, mutum ɗaya ke riƙe iri, gonar gado kuma tasa ce. Ba a rabawa." Su ukun suka sunkuyar da kai.

To, jama'a, ku da bakinku ba ya gajiya: da wanda ya hana uwarsa, da wanda ya rasa hannu, da wadda ta rasa ɗa, wa za a damƙa wa?