Sharaɗin Tanimu Magini

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya, ana ce da shi Zakariyya, wanda yake da makeken fili a bakin kasuwa, yana burin gina rumfuna arba'in da masaukin fatake a riƙa ba da haya. Sai dai fari na shekara biyu ya bar baitulmali fayau. Ya kira wazirinsa Mu'azu, ya ce, "Waziri, na ba ka kwana bakwai ka samo dukiyar ginin nan, ban da bashin ruwa, ban da sabon haraji, kuma ba a sayar da ko taƙi na filin. In ka gaza, ka sauka daga muƙaminka."

Waziri ya zaga attajiran gari kaf, kowa ya ce sai an ba shi filin jingina. Ran kwana na shida ya biyo ta unguwar magina a gajiye, ya tarar da wani tsoho, Tanimu, yana jera tubali, ya zauna ya zayyana masa damuwarsa.

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, dukiyar tana cikin garin nan, a warwatse take. Mata masu adashi suna da kuɗi, masu azara suna da itace, mu kuma muna da hannu. Sarki ya sa fili, kowa ya kawo nasa, a raba haya gwargwadon abin da mutum ya zuba. Amma ba mai fito da nasa sai ya tabbata in an yi asara sarki zai ɗauki rabonsa, in kuma ya tauye haƙƙin wani, ana iya kai shi gaban alƙali."

Waziri bai taɓa jin an gindaya wa sarki sharaɗi ba. Duk da haka, da safe ya durƙusa a fada, ya maimaita zancen bai rage harafi ba.

Da sarki ya ji haka, sai ya miƙe, ya taka da ƙafa har zauren alƙali, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmar da masu ƙara suke zama, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, rubuta sunana cikin abokan tarayya, hukuncinka ya hau kaina kamar yadda zai hau kan mai sayar da daddawa." Waziri yana tsaye a bakin ƙofa, ya sa aka yi shelar abin da sarki ya yi a cikin gari.

Kafin la'asar mutane sun yi dafifi a ƙofar zauren, wannan da ƙwarya cike da kuɗin wuri, wancan da azara a kafaɗa. Kafin damina ta sauka, rumfuna sun tsaya.

Sarki ya naɗa Tanimu Sarkin Magina, ya bar wa Waziri muƙaminsa, ya ƙara masa da alkyabba, ya ce, "Lalle talakawa ba sa ɓoye dukiyarsu ga sarkin da shari'a take iya kiransa ya amsa."