Gayyar Gonar Kakar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To ku ji ta da kunne, ba da baki ba. Kai Ɗanlami, zauna!

Wani saurayin kurege ne suka yi ƙaura da kakarsa zuwa wani gari. Ba abin da yake so irin samarin garin su ce masa "namu".

Ran nan aka yi gayya a gonar Bushiya. Kurege ya ɗau fartanya, ya yi noma kamar ba gobe. Aka kawo fura. Zomo, sarkin samari, ya ce, "Baƙo, bismilla."

Kurege ya ce, "Na ƙoshi." Kunya ce fa, kada a ce kwaɗayi ya kawo shi.

Aka yi ta gonar Gafiya. "Baƙo, bismilla." "Na ƙoshi."

Aka yi ta gonar Kunkuru. "Baƙo, bismilla." "Na ƙoshi."

Zomo ya jefar da ludayi. "Furarmu guba ce? Ku ƙyale ɗan sarki!" Daga ranar ko gaisuwa suka daina yi masa.

Can kuwa ciyawa ta shaƙe geron kakarsa, kwana uku nan gaba sai asara. Tsohuwa ta ce, "Maigidana, je ka kira gayya."

"Da me, Kaka? Kunun nan tsararo za mu ba su?"

"Ji sakaran miji! Ka yi wa kowa, ka hana kowa ya yi maka. Wa zai so ka? Tashi, kafin in sake ka!"

Kurege ya tafi, wutsiya na jan ƙasa. Ya ce, "Sarkin samari, gonarmu za ta mutu. Kunu kawai gare mu."

Zomo ya harare shi. "Ashe kana da baki! Za ka sha tare da mu?"

"Zan sha."

Washegari Kurege ya miƙe kan ƙafa biyu a bakin gona, yana leƙen hanya. Shiru. Ya sake miƙewa. Shiru. A na uku sai ga ƙura, ga ganga, ga fartanyu!

Kafin azahar gona ta yi tas. Aka zauna, ludayi ɗaya yana zagayawa. Kurege ya sha, ya ƙara, ya suɗe ƙwarya.

Zomo ya ce, "Kai, Na-ƙoshi, bar mana mana!" Aka fashe da dariya. Sunan ya bi shi har tsufa, kuma baƙo ba a yi masa laƙabi.

Shi ya sa har yau kurege ke miƙewa tsaye a gona, abokansa yake leƙe. Wanda bai sha na mutane ba, bai bar su sun sha nasa ba, baƙo ne ko ya shekara goma.

Ƙurunƙus, kan kurege!