Damin da Ke Warin Hayaƙi

Ku gyara zama, ku da kuke cewa bayarwa abu ne mai sauƙi. Ga wani zance, in na gama ku yanke mini hukunci.

A wani ƙauye an yi wani tsoho, Baba Zakka. Duk shekara ranar godiyar kaka, daminsa ne ya fi na kowa girma a gaban bagaden majami'a, kuma daga wannan hatsi ake raba wa gwauraye da marayu. Sai wata damina matarsa ta kwanta ciwo. Yana jinyarta har lokacin shuka ya wuce, ga gonarsa can bayan dutse inda ba mai bi. Matar ta rasu. Aka yi masa ta'aziyya aka watse, ba wanda ya tambayi gona.

Ranar godiya ta zo, sai ga shi da ɗan ƙaramin dami. Ya ajiye, ya koma ya zauna, ana ta waƙa.

Wata mata mai suna Rahila ce ke sussukar hatsin da aka kawo baiko. Da ta ɗaga damin, sai ta ji warin hayaƙi, zangarniyar duk ta yi baƙi. Dawar da ake ratayewa bisa murhu ce kawai ke yin haka, wato iri. Ashe tsohon bai yi shuka ba, abin da ya rage masa a duniya ke nan ya kawo wa Allah. Ta ɓoye damin a zane ta kai gida, ta mayar da nata a madadinsa. Wata ta hango ta fita da shi, zance ya bazu cewa Rahila na satar baiko. Ta haɗiye, don in ta wanke kanta ta tona asirin tsoho. Maƙwabtansa biyu kawai ta gaya wa, Habila da Tani.

Habila ba mai hali ba ne, ga baki da yawa a gidansa. Duk da haka ya raba rumbunsa biyu ya kai wa tsohon rabi. Baba Zakka ya tare ƙofa, ƙafafunsa na rawa don yunwa.

"Ɗana, ni da nake ba mabukata, yau ni ne mabukacin? Mayar da abinka."

Habila bai mayar ba, ya sauke a gidan Tani. Shekarar nan 'ya'yansa sau ɗaya suke ci a yini, ƙaramarsu har gashinta ya yi ja.

Ita Tani gwauruwa ce, ba ta da ko tiya guda. Ta ɗauki taɓarya ta farfasa murhunta, wai don kada ta yi ƙarya, sannan ta ɗebi garin hatsin Habila ta je gidan tsohon ta yi sallama.

"Baba, murhuna ya fashe. A ba ni aron na marigayiya Mama."

Ya ba ta. Da tuwo ya nuna ta ajiye a gabansu, ta sunkuyar da kai.

"Baba, kai ne babba. Yi mana addu'a."

Ya rufe ido ya gode wa Uba da ya ba su abincin yini. Da ya ce amin, sai Tani ta ce, "To, ka gode Masa da bakinka. Yanzu kuma za ka ce Masa ba ka so?"

Tsoho ya daɗe yana kallon tuwon, hawaye na bin gemunsa. Ya wanke hannu. Haka ta riƙa zuwa kullum har rani ya fita.

Ruwan fari ya sauka, Rahila ta mayar masa da irinsa, ta gaya masa kome. Ya shuka da hannunsa. Dawa ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, amma bai ga yankanta ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kafin ya cika ya ce wa fasto, "Damin farko na gonata, wanda ya riƙe ni da rai shi zai kai gaban bagade."

Ranar godiya ta zagayo. Ga dami a bakin ƙofar majami'a, an fara waƙa, su uku suna tsaye kowa na tura wa ɗan'uwansa. Rahila ta gano halin da tsohon yake ciki, ta ɗauki sunan ɓarauniya a kai. Habila ya bayar da abincin bakin 'ya'yansa. Tani ba ta da ƙwaya, amma ba don ita ba da ko loma ɗaya ba ta shiga bakin tsohon ba.

To, ku fa, wa za ku ɗora wa damin nan a ka?